Shara ta zama tauraruwa: daga juji zuwa fim da wayar salula

A shekarar 2022 wani kamfanin ɗinkin kayan ƙawa da ke birnin Paris, mai suna Balenciaga, ya fito da wata jaka wadda in ka hango ta daga nesa za ka rantse baƙar ledar zuba shara ce. Da fatar maraƙi aka yi ta, amma an ƙera ta da gangan ta yi kama da ledar bola, har da igiyar zuge baki. Kuɗinta dala 1,790, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta nan gida ba. In aka juya su zuwa sefa sun haura miliyan ɗaya, wato kuɗin da zai saya wa matashi sabon babur ya shiga kabu-kabu, har ya samu canji. Hoton jakar ya zagaya duniya cikin ƴan kwanaki. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi Allah wadai, kowa kuma ya tura wa abokinsa. Kamfanin bai nemi abin da ya fi haka ba, domin an yi masa talla kyauta.

Wannan jaka misali ɗaya ce kawai. Abin da kowa ke kawar da kai in ya gifta ta gefensa, yana toshe hanci, shi ne yau ya cika finafinai, da zane-zane, da waƙoƙi, da guntayen bidiyon da ake turawa a WhatsApp da Facebook da TikTok. Muna ganin ya kamata masu karatu su san inda wannan al'amari ya samo asali, da wanda ke cin ribarsa, da kuma abin da ya shafe mu a ciki, mu da leda ta yi wa ƙawanya tun daga Yamai har Damagaram.

Tun kafin salula

A 1969 aka fara wani shirin yara na talabijin a Amurka mai suna Sesame Street, kuma ɗaya daga cikin ƴan tsanan shirin, Oscar, a cikin kwandon shara yake zaune, mai baƙin rai, ba abin da yake so kamar tarkace. Yara suka ƙaunace shi. A 2008 kamfanin Pixar ya fitar da fim ɗin zane mai suna WALL-E, labarin wani ƙaramin mutum-mutumi da aka bari shi kaɗai a duniya shekara 700 yana dunƙule shara yana jerawa, bayan ƴan Adam sun cika ƙasa da bola sun tsere sararin samaniya. Farkon fim ɗin kusan babu magana, sai tsaunukan shara da suka kai tsawon benaye. Ya ci lambar yabo ta Oscar, ya kuma tara sama da dala miliyan 500. A wannan shekara dai aka yi Slumdog Millionaire, wanda masoya finafinan Indiya a nan ƙasar suka sani, inda aka nuna yara marayu na kwana a kan juji a birnin Mumbai. Shi kuma lambobin Oscar takwas ya kwashe.

Dalilin da ya sa masu shirya fim ke son shara ba boyayye ba ne. Ba ta buƙatar tafinta. Bahaushe da Bajapane da Bafaranshe in sun ga tulin bola duk abu ɗaya suke fahimta, gani kuwa ya kori ji. Sa'an nan juji ba ya ƙarya: abin da gida ya ci, da abin da ya sha, da maganin da ya saya, duk suna can a zube.

Hawayen da kamfanoni suka biya

Akwai wata talla da ya dace mu tsaya a kanta, domin ita ce ta shata hanyar da har yau ake bi. A watan Afrilun 1971 gidajen talabijin na Amurka suka fara nuna wani dattijo cikin shigar ƴan asalin ƙasar, waɗanda ake kira jajayen Indiyawa, yana tuƙa kwalekwale a cikin ruwan da ya ƙazantu. Ya fito bakin hanya, sai wani ya wurgo ƙunshin shara daga cikin mota ta faɗi a ƙafarsa. Dattijon ya juyo, hawaye guda ya gangaro a kumatunsa. Saƙon shi ne, mutane ne ke ɓata muhalli, su ne kuma za su gyara. Tallar ta ratsa zukatan Amurkawa, kuma har yanzu ana lissafa ta cikin waɗanda suka fi shahara a tarihin ƙasar.

Daga baya aka gano abubuwa biyu. Na farko, ɗan wasan da ya fito a tallar, Iron Eyes Cody, ba ɗan asalin ƙasar ba ne, iyayensa daga Italiya suka zo. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ƙungiyar da ta ɗauki nauyin tallar, Keep America Beautiful, kamfanonin ƙera gwangwani da kwalba da na kayan sha ne suka kafa ta a 1953. A wannan shekarar ce jihar Vermont ta yi dokar hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa, abin da ya tsorata kamfanonin. Cikin shekarun 1970 ƙungiyar ta tsaya tana adawa da dokokin da za su tilasta a riƙa karɓar kwalabe ana mayar wa mai saye kuɗin ajiya. Ma'ana, waɗanda ke ƙera abin da ake yarwa su ne suka koya wa jama'a cewa laifin duka na mai yarwa ne.

Ba mu ce mai wurga leda a titi ba ya da laifi ba. Yana da shi. Amma dattawanmu za su tuna lokacin da uwargida ke zuwa kasuwa da kwando ko ƙwarya, mai tsire na naɗe nama a takarda, mai lemun kwalba kuma ba zai bar ka ka tafi da kwalbarsa ba sai ka bar jingina. Mutanen wancan zamani ba su fi na yanzu tarbiyya da yawa ba. Abin yarwar ne babu. Yau in ka sayi tumatir na dala goma, da barkono, da magi, leda uku za a ba ka, kuma ba ka roƙa ba.

Kunkuru ɗaya, da mutum ɗari da goma

Da wayar salula mai kyamara ta shiga hannun kowa, sai abin ya canza salo. A watan Agustan 2015 wata mai binciken halittun ruwa, Christine Figgener, ta ɗauki bidiyon wani kunkurun teku a gaɓar ƙasar Kosta Rika, ana zaro masa tsinken roba na shan lemu daga hanci, jini na zuba. Miliyoyin mutane suka kalla. Cikin shekara uku birnin Seattle ya hana amfani da irin wannan tsinke, kamfanin Starbucks ya yi alkawarin daina ba da shi, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi daga 2021. Sai dai masana sun nuna cewa tsinken bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na robar da ke cikin teku ba. Wani bincike na 2018 a kan babban tarin sharar da ke yawo a tekun Fasifik ya gano kusan rabin nauyinsa tsofaffin tarunan kamun kifi ne. Taru dai bai samu bidiyo mai sa kuka ba.

A watan Maris na 2017 wani ɓangare na jujin Koshe da ke gefen birnin Addis Ababa ya zabtare cikin dare, ya binne gidajen talakawan da ke zaune a gindinsa. Sama da mutum 110 suka rasu, akasarinsu mata da yara. A watan Agustan 2024 irin haka ta faru a jujin Kiteezi na birnin Kampala, inda aka rasa fiye da mutum 30. Kafofin labarai sun ba da rahoto, aka yi kwana biyu aka wuce. Mu tambayi kanmu: cikin waɗanda suka ga kunkurun nan, mutum nawa ne suka taɓa jin sunan Koshe?

A watan Maris na 2019 kuma sai ga wata gasa da aka sa wa suna Trashtag. Wani mutum a jihar Arizona ta Amurka ya sanya hotuna biyu a Facebook, na farko wani saurayi zaune a tsakiyar fili cike da shara, na biyu shi ne tsaye a bayan buhunan da ya cika, filin ya yi fes. Ya ƙalubalanci matasan da ke zaman banza su yi haka. Mutane da yawa ba su sani ba, saurayin da ke cikin hoton ɗan maƙwabciyarmu Aljeriya ne. Daga Indiya zuwa Meziko matasa suka fita da tsintsiya da buhu. Cikin duk gasannin da ake yi a waya, na rawa da na zuba wa kai ruwan sanyi, wannan ce muke ganin ta fi amfani, kuma mun ga ƙungiyoyin matasa a unguwanninmu na yin irinta, musamman gab da damina in za a yashe magudanan ruwa. Allah ya saka musu. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne inda buhunan suka tafi bayan an kashe kyamara. A garin da babu motar kwasa, ko dai a cinna musu wuta hayaƙi ya shiga ƙirjin yara, ko mai amalanke ya kai su bayan gari ya juye, iska ta dawo da ledar cikin mako guda.

Masu sha'awar ƙwallo kuma ba za su manta da 19 ga Yunin 2018 ba, ranar da Senegal ta doke Poland da ci 2 da 1 a birnin Mosko. Bayan an tashi, magoya bayan Senegal suka tsaya suna tsince shara a wurin zamansu, kamar yadda ƴan Japan suka yi a wannan rana bayan wasansu da Kolombiya. Bidiyon ya faranta wa ƴan Afirka rai ƙwarai.

Cikin waɗanda suka tara kuɗi masu yawa da wannan harka akwai matashin nan na YouTube da ake kira MrBeast, shi da abokinsa Mark Rober. A ƙarshen 2021 suka nemi dala miliyan 30 domin a kwashe shara mai nauyin tan 13,600 daga teku da koguna, kuma suka samu. Aiki ne babba. To amma wani bincike da mujallar Science ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 8 na roba ke shiga teku a shekara. In aka raba, tan dubu 22 ke nan kowace rana. Duk abin da aka yi alkawarin kwashewa da dala miliyan 30 bai kai na kwana ɗaya ba.

Waɗanda juji ke ciyarwa

A cikin waɗannan hotuna akwai mutanen da sau da yawa ake ɗauka kamar wani ɓangare na bolar, alhali su ne suka fi kowa saninta. Wasu finafinan sun yi musu adalci. A 2010 aka fitar da Waste Land, wanda ya bi mai zanen nan ɗan Brazil, Vik Muniz, zuwa jujin Jardim Gramacho na birnin Rio. Ya ɗauki hotunan masu tsintar kaya, sa'an nan shi da su suka sake zana fuskokinsu da tarkacen da suka tsinto, aka sayar, aka mayar da kuɗin ga ƙungiyarsu. An rufe jujin a watan Yunin 2012. A Cateura kuma, jujin birnin Asuncion na ƙasar Paraguwai, wani malami mai suna Favio Chávez ya haɗa kai da wani mai tsintar kaya suka ƙera wa yara kayan kiɗa da gwangwanayen mai, da cokula, da guntayen katako. Bidiyon yaran ya bazu a 2012, har suka zagaya ƙasashe suna wasa.

Turawa sun yi ta mamakin wannan, mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, irin kayan kiɗan nan ne da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai, ko ya bi layin maƙera a Maradi da Damagaram da Tawa, ya ga yadda tsohon ƙarfen mota da gwangwanin lemu ke narkewa su koma tukunya da ludayi, taya ta koma takalmi, tsohon tub ya koma guga, durom ya koma akwati ko murhu. Yaranmu kuma tun fil azal suke ƙera mota da waya da murafun kwalba. Ba wanda ya kira su masu fasaha, ba wanda ya zo da kyamara.

Bambancin wani lokaci wurin da aka rataye abin ne kawai. El Anatsui ɗan Gana ne da ya koyar a jami'ar Nsukka ta Najeriya tun daga 1975. Yana tara dubban murafun kwalabe, a daddage su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama wani ƙaton mayafi mai ƙyalli kamar saƙar sarakuna. An sayar da aikinsa sama da dala miliyan ɗaya, ya karɓi babbar lambar yabo a Venice a 2015, a 2023 kuma aka baje aikinsa a babban zauren Tate Modern da ke Landan. Ya cancanta, domin aikin nasa abin kallo ne. Muna dai cewa ne hannun da ke zuba tukunyar dalma a Katako da nasa, dangi ne.

Akwai kuma inda kyamara ta yi ɓarna. A da akwai wata kasuwar tsofaffin ƙarafa mai suna Agbogbloshie a birnin Accra, inda matasa da dama, yawancinsu daga arewacin Gana, ke kwance tsofaffin kwamfutoci da firji, wasu na ƙona wayoyi domin cire tagulla. Masu ɗaukar hoto daga Turai suka yi ta zuwa, domin baƙin hayaƙi da yaro a tsaye hoto ne mai sayuwa. Jaridu suka laƙaba wa wurin sunan jujin kayan lantarki mafi girma a duniya, abin da masu bincike da dama suka musanta. A 2018 aka yi fim a kansa mai suna Welcome to Sodom. Ba a cika nuna masu gyara da ke tayar da matattun na'urori su sayar wa ɗalibai da araha ba. A watan Yulin 2021 hukuma ta turo motocin rusau suka baje wurin. Dubban mutane suka rasa wurin sana'a, ƙona wayar kuma ta watsu zuwa wasu unguwanni, inda ba mai gani.

Inda hoto ya ciji hukuma

Duk da haka akwai wuraren da hoton shara ya tayar da masu mulki tsaye. A watan Yulin 2015 aka rufe jujin Naameh da ke karɓar sharar birnin Beirut ba tare da an tanadi wani ba. Bola ta cika tituna cikin zafin bazara, matasa suka fito zanga-zanga da taken da ke nufin “warinku ya fito”, suna nufin ƴan siyasa. Bahaushe ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Mutanen Labanan sun ɗauki maganar a zahirinta.

Misalin Kenya ya fi kusa da mu. Wani mai ɗaukar hoto a garin Nakuru, James Wakibia, ya gaji da ganin leda a magudanai da bishiyoyi, ya shiga ɗaukar hotuna yana yaɗawa, daga 2015 kuma ya mayar da abin kamfe na neman a hana leda. Bai tsaya ga cewa jama'a su daina yarwa ba, doka ya nema. Ministar muhalli ta lokacin, Judi Wakhungu, ta mara masa baya. A 28 ga Agustan 2017 dokar ta fara aiki, da hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara huɗu ko tarar shilin miliyan 4. Har yanzu ana satar shigo da leda ta kan iyaka, amma an kama mutane, an rufe masana'antu, kasuwanni kuma suka koma jakar yadi da kwando. Ruwanda ta riga ta tun 2008. A Dakar kuma akwai Modou Fall, tsohon soja, wanda ke sanya wata riga da ya haɗa da ɗaruruwan ledoji da kofunan roba tun daga kai har ƙasa, yana yawo a tituna da wuraren taro domin tuna wa hukuma dokokin da ta yi da kanta.

Mu ma muna da tamu dokar. A ranar 5 ga Nuwamban 2014 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2014-63, wadda ta haramta ƙerawa, da shigowa, da sayarwa, da amfani, da ajiye leda maras kauri a duk faɗin Nijar. Mun riga Kenya da kusan shekara uku. Wanda ke son sanin inda dokar ta kwana, ya leƙa kasuwar garinsu, ko ya dubi ƙayoyin da ke bakin hanya in ya fito daga gari, ko ya tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin shanu da awaki. Makiyayi da dabbarsa ke ramewa tana ci ba ta ƙiba ya san amsar. Haka wanda ruwa ya shiga ɗakinsa saboda ledar fiyawata ta toshe lambatu.

Babban Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa duniya na fitar da shara tan biliyan 2 a shekara, kuma za ta kai biliyan 3.4 nan da 2050. Yankinmu na Afirka kudu da Sahara, wanda ya fitar da tan miliyan 174 a 2016, shi ne aka ce nasa zai ninka kusan sau uku. Cikin duk robar da aka yar a duniya, kimanin kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. A watan Maris na 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a rubuta yarjejeniyar duniya a kan roba. An zauna a Busan a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Geneva a watan Agustan 2025 aka tashi hannu rabbana. Abin da ya raba su shi ne ko za a ƙayyade yawan robar da ake ƙerawa, ko kuwa a tsaya ga kwashewa da sake sarrafawa. Ƙasashe fiye da ɗari na son a rage ƙerawa. Manyan masu arzikin man fetur, wanda da shi ake yin robar, suka ce a'a.